Ranar da kiran sallah ya yanke a bakina

Asuba ce. Na kai kan "Assalatu khairun minan naum", na ja kalmar farko yadda na saba ja shekara ashirin da shida, sai iska ta ƙi fitowa. Ji na yi kamar an ɗora mini buhun yashi a ƙirji. Na tsaya ina haki, lasifika kuwa ba ta san rufin asiri ba, ta kai hakin nan gida-gida. Wani yaro da ke alwala ya shigo da gudu ya ƙarasa kiran, ni kuma na sulale na zauna a ƙasa, bayana jingine da bango. A bayan wannan bangon janaretan masallaci yana ta ruri, kamar kullum.

Ina rubuta wannan ne ta hannun ɗana, domin ni yanzu magana mai tsawo ma sai da hutu.

Abin da na fara sani a duniya shi ne hayaƙi, duk da cewa a lokacin ban ɗauke shi a bakin komai ba. Mahaifiyata tana hura wuta da itace a wani ɗan ɗaki marar taga, ni ina goye a bayanta, daga baya kuma ina zaune kusa da ita ina tura mata ƙirare. Rufin ɗakin baƙi ƙirin yake, in ka shafa hannunka ya fito da kunkunniya. Tun ina ƙarami nake jin tarinta da daddare. Da ta manyanta tarin ya zama nata, har muna gane tahowarta da shi. Aka ce tarin tsufa ne. Ta rasu tana zaune, don kwanciya ta gagare ta a watanninta na ƙarshe, muka ce lokaci ya yi. Kuma lokacin ne ya yi, ban taɓa shakkar wannan ba.

Allah bai ba ni dukiya ba, bai ba ni zurfin karatu ba, amma ya ba ni murya da dogon numfashi. Tun ina saurayi dattawa suka tsayar da ni ladani. Ba na ɓoye cewa na yi alfahari da abin. Nakan ja "Hayya alal falah" har sai na ji mutanen da ke alwala sun dakata. Da aka samu wani bawan Allah ya yi wa masallaci kyautar janareta, ni na fi kowa murna, domin ɗauke wuta ya daina hana muryata tafiya. Aka ajiye shi a wani lungu dab da ɗakin da nake kiran sallah saboda tsoron ɓarayi, salansarsa tana kallon 'yar tagar ɗakin. Ni ke tayar da shi, ni ke zuba masa mai. Sau biyar a rana nakan tsaya a wurin in cika ƙirjina da iska iya ƙarfina, domin aikin ladani ke nan. Sannan kowace safiya in share harabar masallaci, in tara ledoji da robobi in cinna musu ashana, ina jin kaina a cikin masu tsafta. Can gefen unguwa kuma akwai babbar bola da ba ta taɓa mutuwa da wuta ba, ga titin manyan motoci.

Bayan abin da ya faru da asubar nan, na yi wata biyu ina cewa sanyi ne. Matata ce ta gaji. Ta ce, "Malam, in ba za ka je asibiti don kanka ba, ka je don mu."

Likitan ya sa ni hura iska cikin wani bututu da ke haɗe da na'ura, sau uku, kowane yana cewa in ƙara ƙarfi. Ya duba takardar, ya dube ni, ya ce, "Baba, kara nawa kake sha a rana?" Raina ya ɓaci. Na ce masa ni ladani ne, taba ba ta taɓa shiga bakina ba. Bai yi musu ba. Ya gyara zama ya fara tambayata da me ake hura wuta a gidan da na tashi, ina nake wuni, me ke kusa da gidana. Ina ba shi amsa ina jin kamar wani ne ke karanta mini rayuwata daga baya zuwa gaba.

Ya ce cutar toshewar hanyoyin numfashi ce, wadda likitoci ke kira COPD. Ya yi mini bayani da haƙuri. A cikin hayaƙi akwai wasu ɓurɓushi da ido ba ya gani, suna kiran su PM2.5, sun fi silin gashin kai siranta kusan sau talatin. Ƙura mai kauri hanci yana tare ta, mutum ya fyace. Waɗannan kuwa wucewa suke har ƙarshen huhu, inda iska ke haɗuwa da jini, wasu ma su shiga jinin. Shekara da shekaru hanyoyin iskar suna kumbura suna tsukewa, 'yan jakunkunan huhu suna lalacewa. Na tambaye shi yaushe zan warke. Ya ce abin da ya lalace ba ya dawowa, sai dai a rage gudun cutar. Ya ba ni maganin shaƙa, ya koya mini fitar da numfashi a hankali da leɓɓa a tsuke. Da na tambaye shi batun kiran sallah sai ya yi shiru, na gane.

Wannan shi ne lokacin da ya fi mini wuya, kuma abin kunya ne a kaina. Aka tsayar da yaron nan da ya ƙarasa mini kira. Muryarsa tana da daɗi, wannan ya fi komai ƙona mini rai. Na koma ba na zuwa masallaci sai an tayar da iƙama, don kada in zauna ina sauraronsa a gaban mutane. In yana kira ina gida, nakan riƙa ƙirga kurakuransa maimakon in amsa. Dattijo mai furfura yana kishin yaron da bai kai ɗansa ba. Masu zuwa dubiya kowa da kalma ɗaya: ƙaddara ce, a yi haƙuri. Ina amsawa da alhamdulillahi, ina kuma nufinta har zuciya. Amma akwai wani abu a ƙasan raina da ya ƙi kwanciya, na kasa sa masa suna.

A layin karɓar magani na haɗu da matar da ta sa masa suna. Maƙwabciyarmu ce ta bayan layi, Kirista, mun shekara muna gaisawa ba mu taɓa zama ba. Ɗanta ɗan shekara shida yana da asma, yana zaune a cinyarta, kafaɗunsa suna ɗagawa da kowane numfashi, irin ɗagawar da na sani a jikina. Ta ce, "Baba, duk daren da aka kunna bolar nan ba ma barci." Ta ce a cocinsu akwai 'yan mata da iyaye mata da ke zama kan maganar, kuma abin da ya tashe su wata doguwar wasiƙa ce da Fafaroma Francis ya fitar a 2015, mai suna Laudato Si', inda ya kira duniya gidanmu na tarayya, ya ce a saurari kukan ƙasa da kukan talaka tare. Ta ce sun je wajen hukuma sau biyu ba a kula su ba, an ce su 'yan tsiraru ne a unguwar. Sai ta tambaye ni, ba da gatse ba, "Ku a masallaci ba a maganar?"

Na dawo gida da kunya. Na sa ɗana ya bincika a wayarsa. Ashe a watan Agusta na wannan shekarar ta 2015, malamai da masana Musulmi daga ƙasashe da dama sun taru a Santambul sun fitar da sanarwar Musulunci kan sauyin yanayi, suna kira a rage dogaro da man fetur da kwal, suna kafa hujja da cewa ɗan Adam halifa ne a bayan ƙasa, an ba shi amana. Ya karanta mini ayar Suratur Rum da suka kawo, cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Aya ce da na ji ta a sallah ba adadi. Ban taɓa kawo ledar da nake ƙonawa a cikin ɓarnar ba.

Na samu liman bayan la'asar. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina son a yi huɗuba kan hayaƙi." Ya yi murmushi, ya ce, "Ladan, wannan ai maganar Turawa ce da 'yan siyasa. Kai dai ka rungumi ƙaddara." Ban san inda na samu ƙarfin hali ba. Na tuna masa abin da shi da kansa ya karantar da mu: lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ce masa annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar komawa, Abu Ubaida ya ce masa gudu ne daga ƙaddarar Allah? Umar ya ce, na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Na ce, "Malam, ni tawa ta riga ta same ni, na karɓa. Yaran da ke zaune a sahun baya kusa da salansar nan fa?"

Ya daɗe bai ce komai ba. Mutum ne mai gaskiya, Allah ya saka masa. Ya ce in ba shi mako biyu. Ranar da ya hau mumbari bai ambaci sauyin yanayi ko sau ɗaya ba. Ya ɗauko hadisin "la darara wa la dirar", babu cuta babu cutarwa. Ya ɗauko wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rantse sau uku cewa bai yi imani ba wanda maƙwabcinsa bai aminta daga sharrinsa ba. Sannan ya tambayi jama'a: wanda ya juya salansar janaretansa ta kalli tagar maƙwabci ya kwanta cikin sanyin fanka, maƙwabcin ya aminta daga gare shi? Ya kuma gargaɗi masu shigar da janareta cikin gida da dare, domin akwai iskar guba a hayaƙinsa da ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. Masallaci ya yi tsit. Na ga mutane suna satar kallon juna.

Da na ɗauka huɗuba ɗaya ta isa. Washegari aka fara rigima. Wanda ya ba da kyautar janaretan ya ji an ci masa fuska, ya ce sadakarsa aka mayar abin zargi. Na je har gida na ba shi haƙuri, na ce masa ni na ajiye shi a lungun, ni na tayar da shi shekara da shekaru, in akwai mai laifi ni ne. Wasu kuma suka sa ni gaba don na fara zama da mutanen coci. Wani ya ce mini a bainar jama'a tsufa ya sa na fara sakin layi. Na ce masa hayaƙin bolar nan ban taɓa ganin ya tsaya a ƙofar gida ya tambayi addinin masu gidan ba. Ban faɗa da daɗin rai ba, kuma mun yi wata uku ba ma gaisawa.

Amma wanda ya kashe mini baki ba dattijo ba ne. Akwai samari da ke ƙona tayoyi da tsofaffin wayoyin lantarki a bakin bolar don su ciro ƙarfen ciki su sayar. Na je musu da hadisi a bakina. Ɗaya daga cikinsu, idanunsa jajur, hannayensa baƙi har gwiwa, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Baba Ladan, mun ji. Mu ne muka fi kowa shaƙarsa ai. In mun bari, wa zai riƙe mana gida?" Ba ni da amsa. Na juyo ina haki, ina jin kunyar yadda na je da wa'azi wajen wanda ya fi ni cutuwa.

Daga wannan ranar na fara fahimtar abin da masu fafutukar kare muhalli ke nufi da adalci, kalmar da da nake ɗauka ado ce kawai. Wutar da ke fitar da hayaƙin da ya ci huhuna ita ce ke fitar da iskar da ke ɗumama duniya, tushen ɗaya ne. Kuma a ko'ina wanda ya fi ƙarancin cin moriyar wutar shi ya fi shan hayaƙinta. Ba a kafa bola a bayan gidan mai hali. Haka abin yake tsakanin ƙasashe: duk nahiyar Afirka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, amma fari da ambaliya ba su raga mata ba. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020 don taimaka wa ƙasashe masu tasowa, wa'adin ya zo ya wuce ba a cika ba. Sai a 2022, a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar, aka amince a kafa asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawowa, bayan an shekara talatin ana roƙo. Ni dai ban cika sa rai da manyan tarurrukan nan ba, mutanen da ke zuwa can ba su kwana kusa da bola. Sai dai ban yarda da masu cewa tunda laifin na manya ne mu ci gaba da ƙona ledarmu ba. Wancan bashi ne da muke bin su, wannan kuma bashi ne da yaron maƙwabciyata ke bin mu.

Muka kafa ɗan kwamiti, mutum tara, daga masallaci da coci, har da biyu daga cikin samarin bolar, bisa nacewata. Wata ma'aikaciyar jinya a cikinmu ta aro 'yar na'urar auna iska, ba ta fi tafin hannu ba. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2021 ta sa iyakar ɓurɓushin nan a maikirogiram 5 cikin kowace mita kubik ta iska (wato iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi) a matsakaicin shekara, 15 kuma a matsakaicin yini, kuma mutum 99 cikin 100 a duniya suna shaƙar iskar da ta wuce ƙa'idar. Hukumar ta ce gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana kashe kusan mutum miliyan 7 duk shekara kafin su tsufa yadda ya kamata. Muka kai na'urar tsohon ɗakina na kiran sallah, aka tayar da janareta. Lambobin suka yi ta hawa muna kallo. Wanda ya ba da kyautar yana tsaye a wurin. Bai ce uffan ba, amma shi ya fara sa hannu a aljihu da aka zo tara kuɗin sola.

Ita ma'aikaciyar jinyar ce ta ba mu labarin Ella Kissi-Debrah, yarinya 'yar shekara 9 da ke zaune kusa da wani babban titi a kudancin Landan, wadda asma ta kashe a 2013. Mahaifiyarta ta ƙi barin maganar, har a watan Disamba na 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska tana cikin abin da ya kashe ta, karo na farko da aka rubuta haka a takardar mutuwar wani a Birtaniya. Daren nan ban yi barci ba. Mahaifiyata nake tunani, wadda ba ta da takarda ko ɗaya, ta haihuwa ko ta mutuwa, wadda muka ce tarin tsufa ne alhali ba ta kai shekarun da nake da su yanzu ba. Da wani ya fasa mata taga a bangon ɗakin nan. Taga kawai. Ni da nake tura mata itace, na girma na yi ƙarfin fasa bango, ban taɓa tunanin yi ba.

Abin da muka iya yi bai kai abin da muka so ba. An sa faifan sola a rufin masallaci, lasifika da fitilu sun koma batir, an mayar da janaretan can nesa da sahu don ranar da hadari ya daɗe. Cocin su ma sun matsar da nasu. Ƙona shara a ƙofar gida ya ragu sosai a layinmu, an koma tarawa ana biyan masu kwasa, samari huɗu daga bolar su ke wannan aikin yanzu, suna ware roba da ƙarfe ba tare da wuta ba. Sauran suna nan suna ƙona taya, ba na kuma iya kallon idonsu in ce su bari. Mun dasa itatuwa a bakin titi, fiye da rabi sun bushe, don kowa ya zo ranar dashe, ba wanda ya zo ranar ban ruwa. Mata da yawa har yanzu da itace suke hura wuta saboda shi suke iya saya, abin da muke roƙo dai a fito da murhu waje, a sauke jariri daga baya.

Bolar kuwa tana ci. Mun rubuta wa hukumar da abin ya shafa sau uku, da sa hannun liman da fasto a takarda ɗaya. Ɗana ya sa mana a ciki cewa a watan Yuli na 2022 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince muhalli mai tsafta da lafiya haƙƙin ɗan Adam ne. Na farko an ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na biyu aka ce takardar ta ɓata. Na uku an karɓe mu da fara'a, aka ɗauki hoto da mu.

Yaron da ya gaje ni, na je na nemi gafararsa, ya rasa ma laifin me. Yanzu yakan zo bayan isha'i in nuna masa inda ake ɗaukar numfashi da inda ake sakinsa, da hannu nake nuna masa, don ba na iya yi. Da asuba ina zuwa da wuri in zauna kusa da ƙofa inda iska ke shigowa, in amsa kiran a hankali, jimla ɗaya da numfashi ɗaya. Yaron maƙwabciyata ya shiga aji uku, har yanzu abin shaƙarsa yana cikin jakar makaranta.

Ranar Litinin za mu kai takarda ta huɗu. 'Yan kwamiti sun ce in zauna a gida su je, na ƙi, domin na lura in ina tsaye ina haki a gaban tebur ba a saurin cewa mu dawo gobe. Ofishin yana hawa na biyu, matakala ashirin da biyu ne, na ƙirga. Wancan karon sau biyu na huta kafin in kai, wannan karon na ce wa ɗana ya taho mini da kujerar roba.